Sunana Ne a Kan Umarnin

Juma'a, ƙarfe huɗu na yamma

Sun karɓe kwamfutata. Matar ofishin ma'aikata ce ta zo har tebur, maigadi yana biye da ita kamar wadda ta zo kama ɓarauniya. Ta ce, "Injiniya, ki yi haƙuri, ni ma umarni aka ba ni." Na ce ta bari in kwashe hotunan yarana. Ta ce ba a yarda in taɓa komai ba. Shekara shida a kan kujerar nan, ban iya fita da komai ba sai kofin shayina da cajar waya.

An dakatar da ni har kwamiti ya zauna.

Bari in rubuta abin da ya faru kafin su juya shi. Kamfaninmu ne ke kula da shafin wani ɗakin gwaje-gwajen jini, inda mutane ke shiga ta waya su duba sakamakonsu. Jiya Alhamis, daga ƙarfe biyu da minti goma har zuwa uku saura minti uku, duk wanda ya buɗe shafin sai ya ga sakamakon wani. Dalili shi ne an tura sabon shiri da ba a gama rubuta shi ba. Rajistar umarni ta nuna sunana.

A wannan lokacin ina tsaye a ƙofar ɗakin tiyata, ana gyara wa Umma ƙashin ƙugunta da ya karye. Ba ni na tura ba.

Asabar, ƙarfe goma na safe, a asibiti

Umma ta farka da ƙarfinta, har tana faɗa da mai shara. Ta dube ni sau ɗaya ta ce, "Me aka yi miki a wurin aiki?" Ban san yadda take yi ba.

Shekara shida tana gaya wa maƙwabta 'yarta gyaran kwamfuta take yi. Yau dai na zauna na yi mata bayani. Na ce shafin yana zaune a babbar kwamfuta guda, can nesa. Da kowa zai je can ya ɗauko, da sai an yi ta jira. Shi ya sa akwai wasu kwamfutoci barkatai a garuruwa, kowace tana ajiye kwafin shafin kusa da mutanen wurin. Aikina shi ne in rubuta ɗan ƙaramin shiri da ke zama a bakin kowace, yana duba wanda ya zo, ya ce wannan a ba shi kwafin da ke ajiye, wannan kuwa nasa na sirri ne, a je can a ɗauko masa, kuma kar a ajiye.

Ta ce, "Wato masu gadi kike ɗauka aiki."

Na ce kusan haka. Na ce ba da hoto ko maɓalli nake yi ba, baƙin allo ne kawai nake rubuta umarni a kai. Umarni ɗaya ya ƙirƙiri shirin, ɗaya ya gwada shi inda ba kowa, na uku ya tura shi duniya. Na ukun nan, da an danna, cikin daƙiƙa talatin ya isa ko'ina.

"To wa ya danna?"

Na ce ana bincike.

Ta ce, "Ke da bakinki kamar reza, yau kike cewa ana bincike?" Sai ga nas ta shigo da allura. Ban taɓa murnar ganin allura ba sai yau.

Sabon shirin saura layi ɗaya ya rage, layin da ke hana ajiye shafin sakamako. Na san saura shi. A saman fayil ɗin na rubuta da manyan baƙaƙe: KAR A TURA, BAN GAMA BA. Makaho ma sai ya ji shi da hannu.

Lahadi, bayan la'asar

Dogo bai kira ba.

Rana ɗaya aka ɗauke mu aiki ni da shi, teburinmu a manne. Da matarsa ta yi haihuwar fari, ni na yi masa aikin sati biyu ban ce wa kowa komai ba. Yau kwana uku, ko "yaya jikin Umma" babu.

Litinin, ƙarfe tara da rabi na safe

Manaja ya aika wa duk ma'aikata saƙo. Sun manta ba su cire ni daga jerin ba, ya shigo wayata ina wanke wa Umma kwanuka. Wai "sakacin wata ma'aikaciya ya jawo wa kamfani abin kunya, kuma an ɗauki mataki."

Wata ma'aikaciya! Mu biyu ne mata a kamfanin nan kaf, ɗayar kuma ita ta karɓe min kwamfuta. Da ya sa hotona ma ya huta.

Sakaci. Ni ce na tsaya a ofishinsa ranar Laraba na ce masa shirin ba zai kammala ba sai Litinin. Ya ce ya riga ya yi wa mai ɗakin gwajin alkawari, ranar Alhamis ƙarfe uku zai nuna masa yadda shafin ke buɗewa kamar walƙiya. Na ce to ya janye alkawarin. Ya yi dariyar nan tasa ta hanci ya ce, "Ku injiniyoyi kullum saura kaɗan." Mutumin da ko kalmar sirrin imel ɗinsa sai an tuna masa duk wata.

Na karanta saƙon sau bakwai. Na rubuta amsa mai tsawo, na goge. Na sake rubuta wata da ta fi ta zafi, Abban yara ya karɓe wayar ya sa a aljihu ya tafi kai yara makaranta da ita.

Talata, azahar

Ba ni na tura ba.

Laraba, ƙarfe bakwai na safe

Mun yi faɗa da Abban yara tun kafin a sha shayi. Yana ɗaure wa ƙaramar 'yarmu igiyar takalmi, bai ko ɗago ba ya ce, "Ranar Litinin in kin shiga gabansu, ki faɗa musu komai."

Na ce ai na faɗa. Ina asibiti, akwai takardar da na sa wa hannu, da lokaci a jiki.

Ya ce, "Za su tambaye ki yadda aka yi sunanki ya hau."

Na ce su tambayi wanda ya hau da shi.

Ya ce, "Ina tsaye kusa da ke fa ranar, lokacin da wayar nan ta yi ta ƙara."

Na ce ashe kwamitin tun daga gida ya fara zama, in kawo masa kujera da biro? Ya gama ɗaure takalmin, ya ɗauki jakunkunan yara ya fita. Wannan shirun nasa ya fi zagi ciwo, kuma ya sani.

Ba zan rubuta zancen wayar ba. Ba shi ne maganar ba. Maganar ita ce wa ya danna, wa kuma ya sa aka danna.

Laraba, ƙarfe biyar na yamma

Na goge firij, na wanke labulen falo, na jera takalman gidan nan kaf bisa girma. Babbar 'yata ta tambaye ni ko an ba mu hutu ne. Na ce e. Ta ce, "To me ya sa kike ta magana ke kaɗai?"

Alhamis, ƙarfe ɗaya da rabi na rana

Na san inda Dogo ke cin abincin rana, na je na same shi. Yana ganina cokalin ya tsaya a iska. Ya rame, ko kuma ni nake so in ga ya rame.

Na zauna ba tare da ya ce in zauna ba. Na ce, "Umma na gaishe ka."

Ya ce, "Wallahi kullum ina ɗaukar waya in kira ki, sai in kasa."

"Ka ga rubutun da ke saman fayil ɗin?"

"Na gani."

"Ka iya karatu?"

Ya ce Manaja na tsaye a bayansa, hannu a kan kujerarsa. Ya nuna masa rubutun, Manaja ya ce ai ni kullum haka nake rubutawa don tsoro, a gwaji ya yi aiki ko bai yi ba? Ya yi. To a tura. Dogo ya ce sau biyu yana cire hannu daga allon, Manaja ya ce in ba zai iya ba akwai masu neman kujerarsa guda ɗari a waje.

Na ce, "To ka faɗi haka ranar Litinin."

Ya sunkuyar da kai yana juya abincin. Wai Manaja ya ce in kowa ya yi shiru, gargaɗi kawai za a ba ni, in dawo bayan wata ɗaya, shi ke nan magana ta mutu. In kuwa aka tona, shi za a kora. "Kin san yarana uku."

Na ce, "Ni kuma nawa biyun a kasuwa na sayo su?"

Mai abincin ta leƙo ta ga ko lafiya. Na rage murya. Na tambaye shi mutum nawa suka buɗe shafin a wannan lokacin. Ya ce sittin da uku. Na ce me suka ce da aka kira su?

Ya ce, "Aka kira su?"

Ba a kira kowa ba. Kwana bakwai. An dai gaya wa masu ɗakin gwajin cewa shafin ya ɗan samu tangarɗa an gyara. Kuma shafin nan ba ya nuna suna, lambar gwaji kawai yake nunawa a sama da ƙananan baƙaƙe. Wa ke haddace lambar gwajinsa? Duk wanda ya buɗe ranar, abin da ya gani ya ɗauka nasa ne.

Na tashi na bar shi da abincinsa.

Juma'a, ƙarfe shida na safe

To, bari in rubuta.

Ni kaɗai ke da makullin turawa a kamfanin. Wasu dogayen haruffa ne, in ba ka sa su ba, umarni na uku ba zai tafi ba. Dokar cewa ba a ba kowa makullin nan, ni na rubuta ta da hannuna, ni na sa aka manna ta a bango.

Ranar Alhamis an shiga da Umma, nas ta fito tana neman jini leda biyu, Yaya bai iso ba, ga takarda ana cewa in sa hannu. Wayata ta yi ƙara sau huɗu. A na biyar na ɗauka. Dogo ya ce Manaja na so ya ga jerin shirye-shiryen da ke kan layi, dubawa kawai, kuma shi Dogon tasa shaidar shiga ba ta buɗewa. Na san dubawa ba ta buƙatar makullina. Na sani sarai. Amma so nake wayar ta daina ƙara. Na tura masa, na kashe wayar, na jefa ta jaka.

Ba ni na tura ba. Amma ni na bayar.

Na nuna wa Abban yara wannan shafi na littafina. Ya karanta, ya rufe littafin, ya je ya haɗa min shayi. Sukarin ya yi yawa, na sha haka.

Lahadi, hantsi

An sallami Umma, tana ɗakin babbar. Ta riga ta kori kowa daga kicin daga kan gado.

Sittin da uku. Duk abin da na ɗauka sai lambar nan ta faɗo min.

Litinin, ƙarfe uku na yamma

Su huɗu ne: lauyan kamfani, matar ofishin ma'aikata, wata likita daga ɗakin gwajin, da Manaja. E, Manaja. Yana zaune cikin masu yi min tambaya, da ruwan gora a gabansa. Na ce wa lauya kafin a fara ina so a rubuta cewa ban yarda da zamansa a wancan ɓangaren teburin ba. Lauya ya ce an rubuta. Ban ga biron ya motsa ba.

Ban jira tambaya ba. Na ce na ba da makullina ta waya, laifina ne, na karya dokar da na kafa, duk hukuncin da ya dace da wannan na karɓa. Na ga fuskar Manaja ta saki, har ya jingina.

Sai na ce a kawo kwamfutata. Na buɗe baƙin allon a gabansu na kira rajistar. Na nuna musu layin: ga sunana, ga lokaci, ga kuma inda umarnin ya fito, kwamfuta ta biyu daga taga a cikin ofishin nan. Na ajiye takardar asibiti kusa da ita. Na buɗe fayil ɗin, na juya allon wajen lauya na ce ya karanta layin farko da ƙarfi. Ya karanta. Na ce, "Wanda ya tura ya ga wannan. Ku tambaye shi dalili."

Manaja ya ce ba mun zo neman wanda za a ɗora wa laifi ba ne. Ni ya kalla ya faɗi haka! Mutumin da ya aika saƙo ga mutum talatin.

Na juya wajen likitar na ce, "Likita, an gaya miki mutum sittin da uku sun ga sakamakon da ba nasu ba?"

Ta ajiye biro. Ta ce, "An ce min shafin ne ya ƙi buɗewa."

Na ce ya buɗe. Na yi mata bayanin layin da ya rage. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta canza haka ba. Ba ta ɗaga murya ba. Ta tambayi Manaja tun yaushe ya sani. Ya fara zancen wai ana tattara bayanai. Ta ce, "Tun yaushe?" Ya sha ruwa.

Aka kira Dogo. Ya tsaya kamar ɗalibin da aka kama da satar amsa. Lauya ya ce wa ya danna, ya ce shi ne. Wa ya sa shi? Ya dubi ƙasa, ya dubi taga, ya ce, "Ni dai na danna." Sau uku ana tambayarsa. Ya fitar da ni, bai shigar da kowa ba. Ban san ko in gode masa ko in jefe shi da kofi ba.

Talata, ƙarfe sha ɗaya na safe

Takarda ta iso. Ni gargaɗi na ƙarshe, in koma aiki gobe. Dogo an sallame shi. Manaja "zai sake duba tsarin aiki."

Zai sake duba tsarin aiki.

Kuma ba don sun ga gaskiyata suka mayar da ni ba. Likitar ce ta ce tana son sunayen mutanen nan zuwa ranar Alhamis, da abin da kowa ya gani, kuma ba wanda zai iya zaro su daga rajista sai ni.

Laraba, ƙarfe shida na yamma

An kwashe teburin Dogo tas, sai tabon kofinsa a kan katako. Ba wanda ya ambace shi. Kowa na ta "sannu da dawowa, Injiniya" kamar daga tafiya na dawo.

Na yini ina bin rajistar kwamfutoci goma sha ɗaya, ina haɗa wanda ya buɗe da shafin da aka miƙa masa. Kafin in fara na soke tsohon makullin, na ƙara layin nan guda da ya rage. Minti huɗu ya ɗauke ni. Minti huɗu.

Da la'asar Manaja ya zo ya dafa teburina ya ce, "Abin da ya wuce ya wuce, mu duba gaba." Na ce ya ɗauke hannunsa, yana kan takardar mutane. Na ce daga yau umarnin turawa ba zai tafi ba sai mutum biyu sun sa hannu, kuma duk wanda ya ce a tura, sunansa zai hau rajista tare da na mai dannawa, na riga na haɗa shi haka. Ya ce wa ya ba ni izini. Na ce ai shi aka ce ya sake duba tsarin aiki, na taya shi ne. Wani a bayana ya yi tari don ya ɓoye dariya.

Na tura wa wani tsohon abokin karatuna sunan Dogo, kamfaninsu na neman mutum. Ban gaya wa Dogon ba. Har yanzu ba na son jin muryarsa.

Alhamis, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Na kai wa likitar jerin da kaina. Ta ce in zauna, ko za a buƙaci bayani. Ɗan ƙaramin ofis ne, fanka ɗaya, waya ɗaya a tsakaninmu.

Ta fara da mutum uku da ke da ciwo amma suka ga takardar masu lafiya. Duka ukun sun ɗauka, duka za su zo gobe. Ɗayansu dattijo ne, ya ce shi har ya daina shan maganinsa tunda ya ga komai lafiya. Likita ta rufe ido ta ce ya koma sha yanzu-yanzu, tana kan layi har ya haɗiye.

Ta sha tara wata mata ce, malamar makaranta. Abin da ta gani ranar sakamakon wata ce mai ciwo mai tsanani. Likita ta gabatar da kanta, ta ce, "Malama, takardar da kika gani ba taki ba ce. Taki tana gabana, ba ki da komai sai ƙarancin jini kaɗan."

Likita ta duba ko layin ya yanke.

Sai matar ta ce, "Sake faɗa."

Ta sake.

Matar ta ce sati biyu ba ta gaya wa kowa ba. Ta kasa komawa asibiti don tsoro. Ta kai yaranta gidan yayarta da sunan hutu, don su fara sabawa. Tana faɗa muryarta na hawa. Sai ta ce, "Wane ne ya yi min haka? Ina so in ji shi."

Likita ta dube ni. Ba ta ce in karɓa ba. Na jawo wayar gabana na ce, "Malama, ina cikin waɗanda suka yi. Ni ke kula da shafin."

Ta wanke ni tas. Ta ce mu muna zaune cikin sanyi muna danne-danne, ba mu san akwai mutane a ƙarshen wayar ba. Ta ce ɗan autanta ya riƙe mata zane a ƙofar gidan yayarta, ta ɓamɓare hannunsa ta tafi ba ta waiwaya ba, shin na san wannan? Ta ce sati biyu ba a samu mai imanin da zai ɗaga waya ba? Ina da amsoshi cike da baki, na Manaja, na Dogo, na ƙofar tiyata. Ban faɗi ko ɗaya ba. Na ce gaskiyarki ne. Na ce ki yafe mana in za ki iya.

Ta yi kuka mai tsawo, muka bar ta. Da ta lafa, ta ja hanci ta ce, "Likita, ita mai takardar fa? Tana da yara?"

Likita ta ce ba ta da ikon faɗa.

Ta ce, "To ba komai. In kin gan ta, ki ce mata akwai wadda ta ɗauki ciwon nan nata kwana goma sha huɗu, ta san nauyinsa. Ki ce ina yi mata addu'a. Bari in je in ɗauko yarana."

Ta kashe.

Likita ta tura min kwalin tishu ba tare da ta dube ni ba, ta ja layi a kan lamba sha tara. Ta ce, "Karanto min ta ashirin."

Na karanto.